Hannun Daman Mai Tanki

A unguwarsu babu mai kiransa da sunansa. Mai Tanki ake ce masa, manya da yara, har matarsa in ranta ya ɓaci. Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da babban tankin da ke saman tudu, wanda rabin garin ke shan ruwansa. A baki aikin ba shi da yawa. Da sassafe ya hau, ya duba inda ruwan ya kai, ya rubuta a littafi, ya buɗe wa unguwannin da ranarsu ta zo, ya rufe wa waɗanda tasu ta wuce. Da yamma ya sake hawa. Ranar Asabar kuma akwai ƙari guda: a ɗakin da ke gindin tankin akwai babban bawul, makullin ruwa mai zagayayyen ƙarfe kamar sitiyarin babbar mota, shi ke tsare bututun da ke gangarawa tsakiyar gari. Kullum a buɗe yake. Duk Asabar sai an shafa masa man giris, a murza shi gaba, a murza shi baya, don kada tsatsa ta kama shi.

Wahalar aikin a hanya take. Daga gidansa da ke bayan kasuwa zuwa tankin kilomita huɗu ne, kuma duk hawa. Zuwa makarantar firamare hanyar tana lallaɓa mutum. Daga nan zuwa kantin magani da ke kwana sai ta fara nuna hali. Abin da ya rage daga kwanar zuwa sama kuwa, masu babur ma sai sun sauke fasinja mai nauyi.

Da keke yake hawa, kuma ba irin na kowa ba. Keken tsere ne, siriri, mai ƙaho irin na rago, wanda ya miƙe a sama sannan ya lanƙwasa ya yi ƙasa. Na yayansa ne, mai gyaran kekuna, wanda a samartakarsa ya yi tsere har ya ciwo kofi ɗaya da ya ƙare a matsayin wurin ajiye kusoshi. Ranar da Mai Tanki ya sami aikin, Yaya ya turo masa keken har ƙofar gida, ya ce ya hau ya gani. Shi kuwa ya kama can ƙasa cikin lanƙwasar, kamar yadda yake ganin 'yan tsere suna yi, ya doshi tudun. Bai kai makaranta ba ya sauka yana haki, idanu sun yi ja.

Yaya ya iso da ƙafa yana dariya. Ya ce, "Wa ya aike ka ƙasa? Ka naɗe ƙirjinka kamar tabarma, ta ina numfashi zai shiga? Nan ƙasa na gangara ne, da gudu a miƙaƙƙiyar hanya. In kana hawa a zaune, sama za ka ɗora hannu, inda ƙarfen ya miƙe. Ɗorawa na ce, ba shaƙewa ba, keken bai yi maka laifi ba. In tudun ya fi ƙarfin zama za ka miƙe, sai ka kama kan birki, babban yatsa ciki, sauran waje. Hannu na ja, ƙafa na takawa."

Haka ya riƙe karatun. Shekara goma sha biyar ke nan da rasuwar Yaya, amma har yau in Mai Tanki ya zo kwanar kantin magani, hannuwansa da kansu suke barin sama su koma kan birki. An sha yi masa alkawarin babur daga ma'aikatar ruwa, bai taɓa bin maganar ba. Da wannan keken ya yi renon 'ya'ya huɗu. Uku sun yi nisa da aure da aiki, sai Auta ce ta rage a gida, ita ce ke sayar da magani a kantin nan na kwana.

Abin ya fara ne daga ƙaramin yatsan hannun dama. In ya sauka daga keke sai ya ji kamar kiyashi na yawo a ciki. Ya yarfe hannun, ya wuce. Bayan wata biyu na kusa da shi ma ya bi sahu. Daga baya kiyashin suka daina yawo, yatsun biyu suka yi shiru, kamar na wani aka liƙa masa. Wata safiya kofin shayi ya suɓuce masa. Ya ce santsi ne. Matarsa, wadda ke ɗinki a gida, ta share wurin. Bayan kwana uku ya ɗauki rigar aikinsa ya ga an cire ƙananan maɓallan an sa manya, an faɗaɗa ramukansu. Ya duba sauran rigunan, duk haka. Shi bai tambaya ba, ita ba ta faɗa ba.

Auta ce ba ta iya ɓoye magana. Ta kama hannun wata rana yana cin abinci, ta matsa tsakanin babban yatsa da manuni, inda naman ya fara faɗawa.

"Baba, jijiya ce. Shekara nawa kana danne ta a kan ƙarfe. Ka je asibiti tun ana iya gyarawa."

"Ke da kike sayar da maganin tari, yaushe kika zama likita?"

"Ai ba sai likita ba ne zai ga mutum yana buɗe ƙofa da hagu."

Ya janye hannunsa ya ci gaba da cin abincin. Abin da bai faɗa mata ba shi ne, bara wani abokin aikinsa ya kai takardar asibiti kan ciwon ido, kafin wata ya ƙare an sallame shi. Yanzu kullum yana zaune a ƙofar gida yana kallon masu wucewa. Mai Tanki na da shekara hamsin da bakwai, saura uku ya ajiye aiki da mutuncinsa. Ya ce a ransa shekara uku ba wani abu ba ne.

Hawa a zaune bai gagare shi ba, tunda ɗora hannu kawai ake yi. Ƙananan bawul ɗin ma yana juya su da hagu. Babban ne ya zame masa matsala, don shi sai da hannu biyu. Wata Asabar ya kama, ya ja, hannun daman ya zame ya bugi bango. Ya shafa giris ɗin a sama-sama, ya ce mako mai zuwa. Mako mai zuwan ma haka. A littafi kuwa yana rubuta abin da ya saba rubutawa.

Ranar da abin ya faru Asabar ce. Ya hau da safe, ya tarar da tankin a cike har wuya, ya rubuta, ya sauko. Wajen ƙarfe goma yana tsakar gida ya kifa keken yana ɗiga wa sarƙa mai, matarsa tana ɗaki keken ɗinkinta na ƙara, sai wayarsa ta yi kuka. Gwaggo mai wanki ce, dattijuwar da gidanta ne na ƙarshe a gindin tankin. Wankau take yi wa mutane, kuma duk safiya tana ajiye masa ruwan sha a bakin ƙofa.

Ba ta yi sallama ba. Ta ce, "Mai Tanki, ruwa na fitowa daga ƙasa a bayan katangata."

"Tsiyaya ce, Gwaggo? Da yamma in na zo..."

"Ba tsiyaya ba ce. Saurara."

Ta yi shiru. Ya ji wata ƙara a cikin wayar, mai kauri, kamar babbar mota ta tsaya ba a kashe ta ba. Babban bututun ne, wanda ya bi ta ƙarƙashin ƙasa a bayan gidajen. Kuma tankin da idonsa ya gan shi a cike.

"Ki fitar da jikokinki. Ki gaya wa maƙwabta kowa ya bar jikin katanga. Ga ni nan."

Ya kira gidan inji da ke bakin kogi ya ce su daina turo ruwa. Ya kira Injiniya, shugabansa, ya same shi a wani gari wajen gaisuwar rashin lafiya. Injiniya ya ce motar ma'aikata sai ta yi awa guda kafin a nemo direba. Ya ce, "Kai ne kusa, kuma makullin ɗakin yana hannunka. Ka rufe babban, shi ke nan. Minti nawa zai ɗauke ka?"

"Ashirin da biyar."

"Ka yi shi a ashirin."

Ya leƙa titi ko zai ga mai babur, babu ko ɗaya, duk suna bakin kasuwa, zuwa can ma tafiya ce. Ya dawo ya birkice keken. Matarsa ta riga ta fito da makullan a hannu. Ta sa masa a aljihun riga, ta ɓalla maɓallin da kanta. Ba ta saki rigar ba.

Ta ce, "Maigida, hannun fa?"

Wannan ne karo na farko da ta ambata. Ya dube ta, ya kawar da kai.

"Wane hannu?"

Ta sake shi. Ya tura keken waje.

Zuwa makaranta ya tafi a zaune, tafukan hannu a ɗore a sama, baya a miƙe, yana jan numfashi ta baki da hanci. Zuciyarsa na cewa ya miƙe ya taka da ƙarfi, ya hana ta. Ya san hanyar. Wanda ya ƙone ƙafarsa a ƙasa ba ya ganin sama. Titin a bushe yake, mata na dawowa daga cefane, wani mai aski ya ɗaga masa hannu yana tambayar ko yau an ƙara masa hawa na uku ne. Ya ci gaba da takawa.

Daf da makarantar ya ga ruwan. Siriri ne a cikin kwata, ja, yana gudu, ga kuwa sama tas babu ko gajimare. Gaba kaɗan ya cika kwatar ya hau gefen titi, yana ɗauke da leda da ganye da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Babura suka fara gangarowa a jere. Ɗaya ya rage gudu ya ce masa, "Baba, koma. Sama ba ta biyuwa, tsakuwa ce ke gangarowa." Ya wuce shi.

Ya sauke giya zuwa ta ƙarshe, babu sauran wadda zai nema. Cinyoyinsa suka fara zafi. Hannun daman yana nan a kan ƙarfe, amma sai ya duba yake tabbatarwa, don daga tsakiyar tafin zuwa gefe ba ya jin komai. Zufa ta gangaro ta cika masa ido. Bai isa ya ɗaga hagu ya share ba, domin in ya ɗaga, dama ce kaɗai za ta riƙe kan keken.

Auta tana tsaye a bakin kanti da farar rigarta, ruwa na wanke matakalar. Ta hango shi ta sauko.

"Baba, tsaya. Ba ni makullin in hau da ƙafa."

"Ba ki san wanda za a rufe ba."

"To jira in nemo wani."

Ya riga ya sha kwanar. Ya ji tana bin sa da gudu, takalminta na faɗawa cikin ruwa, har ƙarar ta yi nisa a bayansa.

Daga kwanar titin ya miƙe tsaye. Ruwan ya bar gefe ya mamaye ko'ina, bai kai idon sawu ba amma da ƙarfi yake zuwa, ƙananan duwatsu na bugun taya. A nan zama ba ya yi. Hannuwansa suka bar sama suka koma kan birki kamar kullum, babban yatsa ciki, sauran waje. Ya miƙe daga sirdi, ya danna ƙafar hagu. Ya danna ta dama, ya ja da hannun dama, sai hannun ya zare ya tashi sama. Kan keken ya karkace, tayar gaba ta nufi kwata. Ya faɗa kan sirdin da ƙarfi, ya dawo da ita da hagu da kyar.

Ya sake gwadawa. Ya matse da yatsu ukun da suka rage masa, amma roba ta jiƙe, yatsun kuma ba su da ƙarfinsu na da. Taku biyu hannun ya sake zamewa. Keken ya kusa tsayawa cik. In ya tsaya a nan ba zai sake tashi ba, kuma saura fiye da rabin kilomita. Da ƙafa, a gwiwoyinsa, cikin wannan ruwan, minti goma sha biyar ne ko fiye.

Sai ya yi abin da bai yi ba a hawan tudu tun ranar farko. Ya sauke hannun daman ƙasa, ya cusa shi cikin lanƙwasar ƙahon har ƙarfen ya zauna a wuyan hannun, ya maƙale kamar ƙugiya. Nan ba a bukatar yatsu. Hagu tana sama a kan birki, dama tana ƙasa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya miƙe a karkace ya ja. Hannun ya tsaya.

Ya ci gaba a haka, taku ɗaya bayan ɗaya. Abin da Yaya ya faɗa kuwa bai canza ba: ƙirjin ya naɗe. Numfashin ya koma guntu-guntu, haƙarƙarin dama kamar an soka masa tsinke. Ƙarfen yana cin fatar wuyan hannun, yana ganin jini na bin ƙahon amma zafin daga nesa yake jin sa. Ya daina kallon sama, don duk lokacin da ya kalla tankin yana nan inda yake. Ya koma kallon tayar gaba yana ƙirga taku. In ya kai ashirin ya koma ɗaya. Mutane na gangarowa ta gefe da katifu da yara a kafaɗa, wasu na kiran sunansa, wata mata na tambayarsa ina ya shiga tun ɗazu. Gefen idonsa ya fara duhu.

Saura kamar taku ɗari biyu wani dutse mai girman kan yaro ya gangaro ya bugi tayar gaba. Hannun da ke maƙale bai fita da wuri ba, keken ya tafi da shi ƙasa. Ya faɗi a kan kafaɗa, ruwa ya shiga masa baki da hanci. Ya zare hannun, ya taɓa aljihu. Makullan suna nan. Ya bar keken a kwance, ya hau sauran da ƙafa da hannu, yana tari.

A sama ƙarar ta cika kunne. Ƙasa ta tsage a bayan gidajen, ruwa na tasowa kamar tsawon mutum, yana dukan katangar Gwaggo yana cin gindinta. Wasu maza sun taru a ƙofar ɗakin bawul suna dukanta da dutse, sun lotsa ƙarfen ba su buɗe ba. Suka dare da suka gan shi. Ya ciro makullan da hannun dama, suka faɗi cikin taɓo. Ya ɗauka da hagu. Ƙofar da aka lotsa ta ƙi, sai da wani mai walda, ƙato mai ƙonannun yatsu, ya danna ta da kafaɗa sannan makullin ya juya.

Ciki duhu da sanyi. Ya nufi babban, ya kama da hannu biyu, ya ja dama. Kamar ya ja ginin. Ya sake ja, hannun daman ya zame ya bar jini a kan ƙarfen.

Ya ce, "Ku kama. Dama za a juya. Ni hannuna ba ya yi."

Mai walda da wani direba suka kama. Suka ja har jijiyar wuyansu ta fito. Ko motsi. Mai walda ya durƙusa ya shafa sandar bawul ɗin da yatsa, ya duba. Giris a sama, a ƙarƙashi tsatsa ja wur.

Ya ɗago ya ce, "Baba, wannan yaushe rabon da a murza shi?"

Mai Tanki ya dubi sandar. Ya ce, "Mako goma sha ɗaya."

Mai walda ya fita da gudu, ya dawo da dogon ƙarfe da guduma daga shagonsa. Mai Tanki ya nuna masa inda zai buga ba tare da ya karya sandar ba, ya tsiyaya man inji daga gwangwanin da ke kan taga. Suka zura ƙarfen cikin zagayen, mutum huɗu suka rataya a kai. Sau uku suna ja. A na huɗu bawul ɗin ya yi wata ƙara kamar kukan tsohuwar ƙofa, ya motsa kaɗan.

"Juyi talatin da takwas ne. Kada ku tsaya," in ji Mai Tanki.

Yana ƙirga musu da ƙarfi. Suna kan na goma sha tara suka ji wani abu ya rufta a waje, ƙasa ta girgiza, mata suka sa kuka. Direban ya saki zai fita, Mai Tanki ya riƙe masa riga da hagu ya ce, "Ashirin." Ya dawo ya kama. A talatin ƙarar ruwan ta fara sauka. A talatin da takwas ta mutu, sai ɗiga.

Katangar Gwaggo ce ta faɗi. Ta fitar da jikokinta tun farko, amma ta koma kwaso kayan mutane da ta shanya, ta ce ba nata ba ne. Katangar ta same ta a ƙafa. Da Mai Tanki ya fito an riga an zaro ta, an kwantar da ita a kan wata ƙofa da aka ciro, Auta na durƙushe a kanta tana ɗaure ƙafar da katako biyu. Gwaggo ba ta kuka, tana ta tambayar ko an ɗauke farin zanen gadon matar malamin makaranta. Ya zauna a ƙasa cikin taɓon.

Ranar Litinin Injiniya ya kira shi ofis. Ya ce bututun ya girme su duka biyun, fashewarsa ba laifin kowa ba ne a nan, kuma an ce a yaba masa. Mai Tanki yana tsaye, hannu a naɗe da bandeji. Ya ce akwai magana. Ya faɗi ta yatsun, ya faɗi ta Asabar goma sha ɗaya, ya ce abin da ke littafi ba gaskiya ba ne. Ya ce da bawul ɗin ya juya da wuri, da an rufe kafin katangar ta faɗi.

Injiniya ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce, "Minti nawa kuka ɓata?"

"Goma, ko sha biyu."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba? Da na haɗa ka da wani duk Asabar."

"Tsoro na ji, ranka ya daɗe."

Injiniya ya ce dole ya rubuta, kuma ya rubuta. Aka ba shi takardar gargaɗi, ta farko a shekara ashirin da shida, aka ɗauke shi daga tanki.

Zuwa wurin Gwaggo ya fi masa wuya. Kwana huɗu yana zuwa ƙofar asibitin yana komawa. A na biyar matarsa ta rako shi har bakin gadon, ta tsaya a bayansa. Ƙafar ta karye a wuri biyu, an rataye ta da igiya. Ya gaishe ta, ya faɗa mata duk abin da ya faɗa wa Injiniya. Ta saurara har ya gama.

Ta ce, "Kullum kana shan ruwa a ƙofata. Da ka ce Gwaggo zo ki kama mini, ai hannun wanki gare ni, da na murza maka shi."

Ya ce, "Haka ne."

Ta juya fuskarta bango. Matarsa ta ajiye abin da suka kawo, ta taɓa masa gwiwar hannu suka fita. Bayan wata uku Gwaggo ta tashi, da sanda. Wankin ya koma hannun 'yarta. Ma'aikata ta gina katangar. In sun haɗu tana amsa gaisuwarsa, tana tambayar iyali, amma hirar da suke yi a da ba ta dawo ba, shi ma bai nema ba.

An yi masa aiki a wuyan hannu. Likitan ya ce da ya zo bara da duka sun dawo. Yatsa ɗaya ya farfaɗo a hankali, ƙaramin ya lanƙwashe ya zauna haka. Aka hana shi hawa keke. Mai walda ne ya tsinto keken a kwata ya miƙe tayar, daga baya wani ɗan yayansa ya zo ya tafi da shi.

Aka mai da shi gidan inji a bakin kogi, inda motar haya ke sauke shi a ƙofa. Aikin zama ne: duba agogon injuna duk awa, a rubuta. Abokin aikinsa a can wani tsoho ne da ake kira Kurma, wanda ƙarar injin ta cinye wa kunne ɗaya, ga son labari. Duk abin da aka faɗa masa sai ya amsa wani daban. Makon farko Mai Tanki ya rasa inda zai sa kansa. Da hannun yana cikin bandeji sai ya koyi rubutu da hagu, Kurma ya ɗaga littafin ya juya shi sama da ƙasa, ya ce shi dai bai san an ɗauki kaza aiki ba. Ranar ce Mai Tanki ya fara dariya tun bayan abin.

Shekara ukun ya cika su a nan. Ranar da zai ajiye aiki, ma'aikatan gidan injin suka kashe inji ɗaya na minti biyar don a ji jawabin Kurma, wanda ya yi minti ashirin yana ba da labarin wani mutum daban. Mai Tanki ya yi godiya, ya miƙa makullin akwatinsa, ya fita bakin titi ya jira mota.